Ranar da Aka Zo Kwashe Kayan Baba Kafireta

Ni mai faci ne. Rumfata tana manne da ta Baba Kafireta, fallen kwano ɗaya ne tsakaninmu, kuma tun kaina ba furfura nake zaune a nan ina jin tarinsa yana jin nawa. Don haka in na ba ka labarinsa, ba a bakin wani na tsinta ba. Shi bakanike ne. Ni kuwa a wurinsa ba ni da suna sai Mai-sayar-da-iska, wai duk layin nan babu macuci irina, abin da Allah ya ba kowa kyauta shi nake ɗura wa mutane a taya in miƙa hannu. Ni kuma in ce masa gara ni, ban taɓa kurɓar fetur da bakina ba.

Kafireta, ga wanda bai riski zamaninta ba, ita ce 'yar tukunyar nan da ke zaune a kan injin tsofaffin motoci tana gauraya fetur da iska kafin inji ya sha. A kanta ya yi suna har sunansa na yanka ya ɓace. Zai kwance ta filla-filla a cikin wani tsohon faranti, ya wanke, ya hura, ya mayar, yana yi yana zagina bai ko dubi hannunsa ba. Amma ainihin jarinsa kunne ne. Mota za ta wuce a titi yana tsugune yana wanke hannu, sai ya ce, "Waccan fulogi ɗaya ya mutu, kuma mai ita bai sani ba." Ba a jimawa sai ka ga an turo ta. Na sha ce masa maita ce. Ya ce a'a, ni ne dai kunnena bai san komai ba sai tsiyayar iska.

Gajere ne, mai kaurin damtse, mai saurin hawa da saurin sauka. Ya taɓa korar wani mai babbar riga daga rumfarsa saboda ya bar lagireton motarsa ba ruwa, ya ce wanda ba ya tausayin inji ba zai tausaya wa mutum ba. Da yamma kuma ya bi mutumin har gida ya gyara masa motar. Da wannan kunnen nasa ya yi aure, da shi ya gina gida ɗaki bayan ɗaki, da shi ya kai 'ya'yansa makaranta. Babban ɗansa, tun yana ƙarami uban ke kiransa Akawu don ba ya yarda baƙin mai ya taɓa masa riga, kuma bakin uba ya kama shi, ya zama ma'aikacin ofis. Yaro ne mai hankali, ba zan rage masa komai ba. Har yau in ya zo sai ya rusuna ya ce min Baffa, ya kama hannuna da duk dauɗarsa.

Abu biyu ne suka sami Baba Kafireta, kuma tare suka zo kamar sun yi shawara.

Na farko motocin zamani ne, masu injekta, waɗanda ba su da kafireta sam, sai wasu 'yan bakuna da ke fesa fetur kai tsaye bisa umarnin wata na'ura. Ina nan ranar da aka fara turo masa irinta. Ya ɗaga bonet ya leƙa dama, ya leƙa hagu, bai ga tukunyarsa ba. Bai nuna ba. Ya yi abin da ya saba yi tun yana matashi: ya sassauta tiyon mai ya kai baki zai zuƙa don ya ga ko fetur na zuwa. Ashe a irin waɗannan motoci fetur a matse yake cikin tiyo, jira yake a buɗe masa hanya. Ya feso masa a baki, a hanci, a ido, har cikin hula. Layin nan kaf aka kwashe da dariya, da mai walda da mai fenti da mai gyaran kujera, ni kuwa har da buga ƙafa. Ya wanke fuska, ya rufe bonet ɗin a hankali, ya ce wa mai motar, "Ɗauki kayarka. Mota mai ƙwaƙwalwa ba ta ƙara shiga rumfar nan."

Kuma bai karya ba, shekara da shekaru. Na ce masa in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take yi. Ya ce wai ni da ban iya ko tafi ba, ni ne zan koya masa rawa. Tsofaffin motoci suka yi ta ƙarewa, wasu suka tafi wurin masu ƙarafa, wasu suka zama ɗakin kaji a bayan gidaje. Yaransa na aiki suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya suka koma inda ake jona wa mota kwamfuta. Ya rage daga shi sai 'yan abokan cinikin da suka tsufa tare da motocinsu.

Na biyun ya fi ciwo, kuma shi ya ɓoye. Na fara lura ne in na kira shi ta bayan kwano ba ya amsawa, na ɗauka fushi yake da ni. Sai wata rana wani ya ce masa motarsa tana shan mai da yawa, ya amsa da, "Lafiya lau, ya naka iyalin?" Daga nan na sa ido. Na ga ya koma kallon bakin mutane. Na ga in za a tayar da mota yana ɗora tafin hannu a jikinta kamar mai duba zazzaɓi. Mutumin da yake jin mutuwar fulogi daga tsallaken titi, kunnen ya tafi ya bar shi. Ban ce masa komai ba, shi ma bai ce min ba, muka ci gaba da zagin juna, sai dai na ƙara murya.

Asiri ya tonu ranar da wata motar kaya take ja da baya, direban yana ta oda, Baba Kafireta na tsaye a bayanta yana goge sifana ko a jikinsa. Da ban fizgo shi ta wuyan riga ba, da yanzu wani labarin nake ba ka. Kafin azahar magana ta isa gida. Mai ɗakinsa ta kira Akawu tana kuka, 'ya'ya suka haɗu, aka yanke cewa Baba ya huta haka nan: a rufe rumfa, a kwashe kaya, ya zauna a gida a riƙe shi.

Abin da ya tsorata ni, bai yi musu ba. Mutumin da zai yi gardama da kai a kan ko yau zafi ake ko sanyi, ya ce musu to. Ni kuwa na san irinsu. Ka raba su da sifana ka ɗora su a kujera a ƙofar gida, ka fara shirin zuwa gaisuwa, don ba sa daɗewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba ni da bakin magana. Ni na fizgo shi daga bayan mota da hannuna, ta yaya zan ce wa 'ya'yansa ba su da gaskiya?

Ranar da aka sa, Akawu ya iso da hantsi a motarsa, mai injekta, fes da ita. Ya gyara mata tsayuwa a bakin rumfa ya buɗe but, ma'ajiyar kaya ta baya. A jikin bangon rumfar akwai wani faffaɗan katako da ƙusoshi, kowane ƙarfe da ƙusarsa, kuma an zana siffarsa da fenti don kada wani ya zauna a gurbin wani. Baba ya riƙa sauke su ɗaya-ɗaya yana miƙa wa ɗan, sifanu, filaya, guduma, sukudirebobi, har katakon ya koma zane zalla. Na kasa kallo, na koma na hau dukan wata taya da ba ta yi min laifin komai ba.

Na ƙarshe shi ne ƙaton jak ɗinsa na ɗaga mota, ƙarfe zalla, wanda ƙarti biyu ke ɗauka. Akawu ya sa hannu zai kama, uban ya ture shi.

"Bari. Ni na shigo da shi, ni zan fitar."

Ya rungumo shi yana nishi, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi, ya isa bakin but. Maimakon ya ajiye, sai ya wurga shi da duk haushin da ke cikinsa. Jak ɗin ya daki gefen but ɗin ta ciki, motar gaba ɗaya ta girgiza. Akawu ya runtse ido.

Mutanen layi suka fito sallama. Baba ya bi kowa ya ba shi hannu. Da ya zo kaina ya ce, "Mai-sayar-da-iska, ka ji tsoron Allah ka rage cuta." Na ce masa ya tafi can, dama ya ishe ni. Ya shiga gaban motar ya zauna, ya ɗora hannuwa a cinya, bai waiwayi rumfar ba.

Akawu ya murɗa makulli. Inji ya juya, gir-gir-gir, bai kama ba. Ya sake. Ya sake. Motar da ta zo da ƙafarta ɗazu-ɗazun nan ta ce ba inda za ta.

"Taka totur," in ji Baba. "Taka ka saki, taka ka saki, sannan ka murɗa."

"Baba, irin wannan ba a yi mata haka. Ba ta da kafiretar da za ta sha."

"Me ka ce?"

Akawu ya maimaita da ƙarfi. Uban ya kau da kai ya ce to ai shi ke nan, a kira masu kwamfuta. Akawu ya buga waya, aka ce masa mai na'urar ya tafi wani aiki nesa, sai gobe in Allah ya kai mu. Suka zauna a cikin mota, rana tana dukan gilashi. Ni kuma shaiɗan ya zuga ni. Na zagaya ta tagar Baba, na kai bakina saitin idonsa yadda zai karanta da kyau.

"Zauna abinka, tsoho. Karen bana shi ke maganin zomon bana. Wannan ta fi ƙarfinka, kada ita ma ta yi maka wanka."

Ya dube ni kamar ya shaƙe ni. Ya buɗe ƙofa har ta buge min gwiwa, ya fito ya ce, "Akawu, ja min bonet."

Ya tsaya a gaban injin ya daɗe bai taɓa komai ba. Robobi ne baƙaƙe da wayoyi birjik, ba abin da ya yi kama da abin da ya sani. Can sai ya yi magana, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Ko uban wa ya ƙera ta, abu uku take ci: wuta, iska, mai. Za mu tambaye ta ɗaya bayan ɗaya. Murɗa."

Ya ɗora tafin hannu a kan injin, Akawu ya murɗa. "Juyi da ƙarfi. Batir ba shi da laifi, sitata ba ta da laifi." Ya aiki ɗan ya ciro masa sifanar fulogi daga but. Ya zaro fulogi ɗaya, ya jona shi da wayar da ke ba shi wuta, ya kwantar da shi a jikin ƙarfen inji, ya kare shi da hularsa don ya sami inuwa. Da aka murɗa, wuta ta yi tsalle shuɗiya shar. Ya gyaɗa kai. Sannan ya kai fulogin hanci ya shinshina, ya shafa bakinsa da yatsa.

"A bushe yake. Duk juyin nan da aka yi, da mai na zuwa da ya jiƙe sharkaf."

Ya mayar da fulogin, ya goge sifanar da tsumma, kuma ba tare da ya san ya yi ba, ya taka ya rataye ta a ƙusarta. Na gani da idona. Ya buɗe akwatin matatar iska ya ɗaga ta a rana, haske na ratsa ta, ya ce iska ma ta fita daga zargi. Ya zagaya baya ya shinshina salansa, ba ƙamshin fetur ko kaɗan. Ya leƙa allon direba, allura ta nuna tanki ya fi rabi.

Sai aka zo kan tiyon mai. Mutanen layi da suka taru suka fara murmushi suna taɓa juna. Shi ma ya sani. Ya naɗe mahaɗar da tsumma, ya kau da fuska gefe, ya sassauta a hankali. Maimakon feshi, sai ɗan ɗigo ya zubo ya tsaya. Ya dubi tsumman, ya dube mu.

"Ranar da 'yar'uwarta ta yi min wanka, lafiyarta ƙalau ta wannan fannin, ni ne jahili. Yau da ta ƙi tofa min ko yawu, nan ciwon yake. Mai na tanki, ba ya isowa. Ina famfonta?"

Ya hau laluben gefen inji, inda famfon mai yake zama a tsofaffin motoci. Babu. Ya leƙa ƙasa, babu. Gumi ya fara tsattsafo masa. Akawu ya matso ya tsaya a gabansa, ya yi magana a hankali yana buɗe baki sosai.

"Baba, na irin wannan a cikin tanki yake, da wutar batir yake aiki. In na murɗa makulli rabi, nakan ji ya yi ɗan kuka daga baya, zuuu, sai ya yi shiru. Kullum da safe ina jin sa."

"A cikin tanki? Wuta a cikin fetur?" Ya riƙe haɓa. "To. Gemu ba ya hana ilimi. Yau ya yi kukan?"

"Ban lura ba. Ga hayaniyar titi kuma. Kai ne mai kunne, Baba, ka saurara in murɗa."

Da ya faɗa sai ya gane abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai. Baba Kafireta ya dubi ɗansa, ya dubi mai walda, ya dubi mai fenti, ya dube ni.

"Ba na ji," ya ce. "Kowa ya sani, ni ne kawai ban faɗa ba. To na faɗa. Kunne ya tafi. Miƙo min doguwar sukudireba."

Na yi zaton zai karye a wurin, amma sai na ga kamar an sauke masa buhu daga kai. Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin motar ta baya, ya kafa tsinin sukudirebar a jikin tanki, ya ciji ƙotar da haƙoransa na gefe, waɗanda suka rage. Ya ɗaga hannu, Akawu ya murɗa rabi. Ya jima, ya fito yana tofar da ƙasa.

"Ban ji komai ba. Amma ban san yadda mai lafiya yake yi ba, kada in yi wa famfo ƙazafi."

A bakin rumfata akwai motar wata malamar asibiti da ta kawo faci, ita ma mai injekta, tana zaune a benci tana kallon ikon Allah. Baba ya je ya rusuna mata ya ce, "'Yata, ki ara min motarki in cija." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tashi da kanta ta murɗa masa makulli. Yana ƙarƙashi muka ji ya yi wata ƙara ta cikin haƙora. Ya fito idonsa na ƙyalli.

"Na ji shi. Har cikin ƙoƙon kaina, kamar ƙudan zuma. To na Akawu bai motsa ba. Ko ya mutu, ko abincinsa ne ba ya isa gare shi."

Daga nan ba wanda ya isa ya tsayar da shi. Ya sa aka ciro masa filaya, da 'yar fitilarsa ta gwaji, ƙwan mota ne guda da ya ɗaura wa waya biyu tun zamanin da. Akawu ya nuna masa akwatin fiyus, ya karanta masa wanda aka rubuta na famfo. Baba ya zare shi ya ɗaga a rana, bai ƙone ba. Kusa da shi akwai rile, ɗan akwatin da ke sakar wa famfo wuta. Ya ɗora babban yatsa a kai, aka murɗa, ya ce ya ji ƙas a yatsansa, wannan ma ya yi aikinsa. Suka ɗaga kujerar baya, suka sami murfin da wayoyin famfo ke shiga tanki. Ya dangwala fitila, aka murɗa. Ba ta kama ba.

"Alhamdu lillahi, famfo bai mutu ba, yunwa ce. Wuta ta baro gaba, ba ta iso baya ba. A hanya aka tare ta."

Ya kama wayar ya bi ta da yatsa, taku-taku, yana ɗaga roba yana leƙawa. Maimakon ta miƙe gaba, sai ta karkata ta shige cikin but, ta ɓuya a bayan kafet ɗin gefe. But kuwa cike yake da rayuwarsa gaba ɗaya. Ya ce a fitar. Muka sa hannu, ni da mai walda da Akawu, muna fitarwa, shi kuma yana karɓa. Da yake hannunsa bai san ajiye ƙarfe a ƙasa ba, duk wanda ya karɓa sai ya juya ya rataye shi a gurbinsa. Jak ɗin ne ƙarshe, muka ciccibo shi mu biyu muka dire a bakin rumfa.

Ya yaye kafet ɗin. Daidai inda jak ya daka, ga wani ɗan baƙin akwati kamar na ashana, waya ta shiga ta fita, a samansa wani jan maɓalli ya ɗago kai. Ya dangwala fitila a wayar shiga, ta kama. Ya dangwala a ta fita, duhu.

"Ga ɓarawon," in ji mai walda. "Yanke shi ka haɗa wayar kai tsaye, a wuce wurin."

Na maimaita masa a saitin ido. Har ya ɗauki filaya, don haka aka saba yi a layinmu, abin da ba ka gane ba ka yanke ka jona. Sai ya tsaya. Ya ajiye filayar a cinya ya ƙura wa akwatin ido.

"A'a. Wanda ya sa wannan a nan ba mahaukaci ba ne. Ruwa ba ya tsami banza. Me ya sami motar nan daga zuwanta zuwa yanzu?" Ya dubi tabon da ke jikin ƙarfen, ya dubi jak. Sai ya fara dariya, irin wadda ban ji ya yi ba tun ina da sauran ƙarfi. "Ni ne. Duka ta sha, ta ɗauka hatsari aka yi, ta yanke mai don kada wuta ta cinye na ciki. Ashe ƙwaƙwalwar tata ta hankali ce. Da na yanke wannan, da na cire wa jikokina mai gadi."

Ya sa yatsa ya danna jan maɓallin, ya ce ya ji ya zauna. Ya ɗaure tiyon da ya sassauta, ya mayar da kujera. Amma bai yarda a tayar ba sai da ya koma ƙarƙashi ya ciji sukudirebarsa. Akawu ya murɗa rabi. Muka ga ƙafafun tsoho suna harbin iska.

"Yana kuka! Ba ta wuta!"

Murɗa ɗaya ta kama. Layi ya ɗauki tafi, mai fenti yana buga gwangwani, malamar asibiti tana ta sa masa albarka. Shi bai ji ko ɗaya ba. Ya fito daga ƙarƙashi, baya duk ƙasa, ya je ya kwantar da tafin hannunsa a kan injin ya lumshe ido. Ya daɗe a haka. Ni dai na ji daɗin da ban taɓa ji ba a sana'ar wani, har na manta ina riƙe da tayar mutane.

Malamar ce ta fara magana. Ta zo gabansa ta ce tata motar takan yi gardama da safe, ko zai duba mata, sannan ta ce a asibitinsu akwai likitan kunne, akwai 'yar na'urar da ake saƙalawa, ya daina wahalar da haƙoransa. Ya ce zai je, amma haƙoran ma ba zai sallame su ba.

Akawu ya fito ya bar motar tana aiki. Ya dubi but, wayam. Ya dubi katakon bango, kowane ƙarfe ya koma kan zanensa. Ya dubi ubansa, wanda ya tsaya yana goge hannu da tsumma yana jiran hukunci, don ya riga ya ce musu to, kuma shi ba ya tashin maganarsa. Farar rigar Akawu ta yi baƙi har gwiwar hannu, bai ma lura ba.

Ya juyo gare ni. "Baffa, in mota za ta ja da baya a layin nan fa?"

Na ce, "Ni ne nan. Dama aikina ke nan, fizgo tsofaffi."

Bai yi dariya ba. Ya nannaɗe hannun riga, ya sunkuya ya rungumi jak ɗin shi kaɗai, yana tangaɗi, ya kai shi lungun da yake zama ya ajiye a hankali. Ya dawo ya rufe but, ya tsaya a gaban uban inda zai ga bakinsa. Idonsa ya kawo ruwa.

"Baba, to me zan ce wa Umma?"

Baba Kafireta ya riga ya ɗauki fitilar gwajinsa ya nufi motar malamar. Ya tsaya ya waiwayo.

"Ka ce mata ta rufe min abincina. Sai na tashi daga aiki."